Inda Nake Kai Baƙi da Dare

Shagona yana Zongo Lane, a tsakiyar Akra, birnin da tsofaffinmu har yau suke kira Ankara. Gyaran amfilifaya da sifika nake yi, ina kuma sayar da ƙananan kayansu. Ga wanda bai san wurin ba, lungu ne kusa da kasuwar Makola, shaguna manne da juna, ko'ina waya da fis da warin dalma. Duk abin da ke ƙara murya a birnin nan, in ya lalace, nan ake kawo shi: na coci, na masallaci, na gidan rawa, har da na mai tallan maganin basir a tasha. Saboda haka na san wuraren kiɗan Akra ta ƙofar baya, da rana tsaka, lokacin da kujeru ke kife bisa tebura ana shara.

Sunan lungun ba a banza yake ba. Nan ne ɗaya daga cikin wuraren da Musulmi baƙi suka fara zama a ƙarni na 19, kafin Malam Bako ya tashi da jama'arsa ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, kafin kuma a sari Nima, unguwar da aka haife ni, a shekarun 1930. Zango masaukin baƙo ne, kuma har gobe baƙin ba su daina zuwa ba. 'Yan kasuwa daga Kano da Maraɗi da Yamai sukan zo sayen kaya. In la'asar ta yi, an gama ciniki, sai ka ga ɗaya ya matso ya rage murya: "Malam, ina ake zuwa da dare a garin nan? Ba wurin banza ba fa. Wurin da ake kiɗa da hannu."

Amsata a shirye take. In mutum yana son ya zauna ya saurara, ina tura shi +233 a North Ridge, gefen Ring Road. Sunan nan lambar wayar Gana ce. Fili ne a buɗe mai dandamali, ana jaz da hailaif, makaɗan kuma sun san aikinsu. In yana son cakuɗuwar jama'a, sai Osu: ya bi Oxford Street ya nemi lungun da Republic yake, inda kujeru ke fitowa har kan titi. Can abin taƙamarsu akpeteshi ne, barasar gida da ake dafawa daga bammi ko rake, don haka nakan faɗa wa namu tun da wuri: ka yi isha'inka kafin ka fita, ka nemi sobolo, wato zoɓonmu, babu mai yi maka kallon banza. Alliance Française, wajen unguwar filin jirgi, tana da dandamali a waje, makaɗan ƙasashen maƙwabta kan sauka can. Chez Afrique a East Legon na masu son rawar hailaif ne a ƙarshen mako. Bakin tekun Labadi kuwa na 'yan rege ne. In watan Agusta ne, akwai bikin Chale Wote da aka fara a Jamestown a 2011. In Disamba ce, ba sai ka nemi kiɗa ba, shi zai nemo ka.

Abu biyu nake ƙarawa. Na farko, kada ka yarda da agogo: in an rubuta ƙarfe takwas, ka sa ran goma. Na biyu, tsakanin Mayu da Yuni sarakunan Ga, masu ƙasar, sukan hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda gabanin bikinsu na Homowo. Baƙon da ya zo a lokacin zai tarar da gari ya yi sanyi, mu ma masu gyaran sifika kasuwarmu takan kwanta.

In baƙon mai son labari ne, sai in buɗe masa tarihi. In gaya masa yadda Louis Armstrong ya zo Akra a 1956, tun ba a sami mulkin kai ba, ya yi busa tare da E.T. Mensah, sarkin hailaif. In gaya masa ranar 6 ga Maris 1971, da Wilson Pickett da Santana da Ike da Tina Turner suka raba dare suna wasa a dandalin Black Star. Nakan faɗi waɗannan da alfahari, sai ka ce kakana ne ya busa ƙahon.

Na fi shekara 15 ina ba da wannan jerin. Ban taɓa sa Nima a ciki ba, alhali Ring Road ce kawai ta raba ta da North Ridge. In an tambaye ni dalili, cewa nake yi ai baƙo ba zai iya da lungunanmu ba, ga cunkoso, ga kwata, ga sunan da unguwar ta yi. Dalilin gaskiya daban ne, kuma sai a Disambar 2019 aka fito mini da shi fili.

Shekarar nan ce gwamnatin Gana ta kira Shekarar Komowa, ta gayyaci jikokin bayin da aka kwashe zuwa Amurka su zo su ga gida. Gari ya cika maƙil. A cikin wannan turmutsutsun ne ɗan ƙanin Baba ya sauka daga Kano. Yaro ne ɗan Fagge, na ba shi kusan shekara 20, aikinsa haɗa kiɗan waƙoƙin fim a situdiyo. A gidana da ke Madina na sauke shi. Ranar farko na kai shi Nima ya gai da Baba, amma ko rabin sa'a ba mu yi ba na ce mu tashi kada cunkoso ya rutsa da mu. A mota ya ce mini, "Yaya, shekara bakwai ina haɗa kiɗa da fiyano da kwamfuta, ban taɓa ɗaukar ganga ta gaske ba. Ita na zo ji."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, ya zo gidan sani. Daren farko Osu, na biyu Labadi, na uku +233. A teburinmu akwai wani abokin cinikina, mutumin Kumasi mai hayar kayan sauti, wanda muka fi shekara goma tare, kuma yana jin Hausa sarai. Wajen sha ɗaya saura, wani saurayi ya hau dandamali da 'yar ganga mai siririn ƙugu a hammatarsa. Ya matsa tsarkiya, ya saki, gangar ta yi ƙasa ta yi sama kamar mai magana. Wurin ya kaure da tafi, Turawa da baƙaƙen Amurka suka ɗaga wayoyi.

Ƙanena ya damƙe hannuna. "Yaya, ai kalangu ne!"

Na ce, "Nan dondo suke ce masa. Dagomba kuma lunga."

"Ko me suke ce masa. Irin na Baba ne. Babanmu ya ce kafin ya bar Kano duk cikin samari babu mai hannunsa. Har yanzu yana kaɗawa?"

Abokin nan nawa ya juyo ya dube ni. Bai ce komai ba. Shekara goma yana sane da cewa mahaifina ɗan kasuwar goro ne, domin ni na gaya masa haka da bakina.

Mahaifina makaɗin mahauta ne. A ƙasar Hausa kalangu na mahauta ne tun asali: in an yi yanka, shi ke sanar da gari cewa nama ya fito, shi ke kiran kowane mahauci da takensa. Baba ya bar Kano yana saurayi, wajen ƙarshen shekarun 1950, ya biyo 'yan fataucin shanu har Akra. Ya tarar da mahauta Hausawa da ke da kuɗi da kewar gida, suka riƙe shi hannu bibbiyu. Ya yi musu kiɗa a mayanka, ya yi a bukukuwan Nima da Mamobi da Tudu da Sabon Zango. Da kalangun nan ya auri Inna, da shi ya gina ɗaki uku.

Sai duniya ta fara janye masa tabarma a hankali. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita daga ƙasar. Allah ya sa wani maigidansa ya nema masa takarda, amma iyayen gidansa da yawa suka hau manyan motoci, ba su sake dawowa ba. Bayan juyin mulkin Rawlings na 31 ga Disamba 1981 aka sa dokar hana fita da dare, ta ɗauki sama da shekara biyu. Wannan na gani da idona, ina ɗan shekara bakwai: biki kan watse tun rana ba ta faɗi ba, Baba ya dawo da 'yan canjin da ba su isa cefane ba. Dokar ba shi kaɗai ta taɓa ba. Ita ta karya gidajen rawar Akra gaba ɗaya, ga kuma haraji mai nauyi da aka ɗora wa kayan kiɗan da ake shigowa da su. Makaɗan hailaif wasu suka tafi Najeriya, wasu Jamus, wasu suka shige coci. Da aka ɗage dokar, masu juya faifai da manyan sifiku ne suka gaji filin, domin mutum ɗaya da inji ya fi mutum goma araha. Ni kuma da na tashi neman sana'a, gyaran waɗannan injinan na koya.

Talaucin bai dame ni kamar sunan ba. A makarantar allo da ta boko "ɗan maroƙi" ake ce mini. Kowa na son kiɗa ranar bikinsa, amma ba kowa ke son haɗa jini da makaɗi ba, ga kuma wa'azin da ya yi ƙarfi a lokacin a kan kaɗe-kaɗe. A 2001 na nemi auren wata yarinya a Mamobi. Magana ta yi nisa, sai kawunta ya aiko da saƙo: yaron ba shi da laifi, yana da sana'a, yana salla, amma gidan roƙo ne. Daga ranar na mai da Baba ɗan kasuwar goro a bakina. A shekarar ce kuma ya rataye kalangunsa a ƙusa a bayan ƙofa. Ban tambaye shi dalili ba. Na ɗauka kasuwar ce ta mutu.

Da muka fito daga +233, ƙanena ya lura na yi shiru. Ya ce, "Yaya, ko na yi ɓaranɓarama ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To gobe Nima za ka kai ni. Kuma ba rabin sa'a ba."

Muka shiga bayan isha'i, ranar Asabar. Na yi shekaru ina ratsa unguwar nan da kai a sunkuye, sai ga shi ina kallonta da idon baƙo. Babban titin Nima ba ya barci. Ga masu cicinga, wato tsire, hayaƙinsu ya turnuƙe fitilu. Ga mai waakye, wanda ba komai ba ne illa shinkafa da wakenmu da sunan ya gajarce a bakin mutanen nan. Ga tuwon zafi, ga fura, ga samari a majalisunsu da suke kira bes, an ɗora butar ataya a kan gawayi ana musun ƙwallo. Ƙanena yana ta dariyar Hausarmu da ba ta raba mace da namiji, ya ji an ce "amarya ya fito" ya riƙe ciki. Na nuna masa inda ake kafa dandamalin bikin Salla da 'yan VIP suka assasa, yaran unguwar nan da suka sa Hausa cikin hiflaif har duk Gana ta yi rawarta a farkon shekarun 2000.

Muka gangara Mamobi, inda ake bikin 'yar wani maƙwabcinmu na da. An tare lungu da rumfuna da kujerun roba, mata sun sha anko da lalle. Amfilifayar mai faifan ma ni na gyara ta. Abin da ke fita daga cikinta kuwa waƙoƙin finafinan Kano ne. Ƙanena ya dafa kai ya ce, "Na tsallake ƙasa biyu don in huta da fiyano, ga shi ya riga ni zuwa." Can sai wasu Dagomba uku suka shigo da lungunansu a hammata, mai faifai ya rage sauti. Suka tsaya gaban wata dattijuwa, suka kaɗa mata sunan kakanninta. Ta miƙe a hankali, ta taka sau uku, ta liƙa wa babbansu kuɗi a goshi. Babu wanda ya tafa, babu wanda ya ɗaga waya. Ba wasa aka yi mata ba, kiranta aka yi ta amsa.

Daga nan muka wuce gida. Baba yana zaune kan buzunsa da rediyo a gefe. Ƙanena ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, kalangun nake son gani." Baba ya dube ni tukuna, kamar mai neman izini. Wannan kallon har yau yana damuna. Na tashi da kaina na sauko da shi. Ƙura ta rufe shi, fatar gefe ɗaya ta tsage, tsarkiyoyin sun bushe.

Baba ya ce, "Sai an sake fata."

Kwana uku aka yi ana aikin. Ni na je wurin mahauta na samo fatar ɗan akuya, Baba ya jiƙa, ya kankare, ya ɗaura da yatsun da ke rawa, ƙanena yana ja masa tsarkiya. Ranar Laraba, ranar kasuwar Nima, bayan isha'i ya fito tsakar gida ya zauna a kan turmi. Ba mu gayyaci kowa ba. Ya sa kalangu a hammata, ya ɗauki gula. Bugun farko ya kauce, na biyu ma haka. Ya yi tsaki, ya gyara zama. A na uku gangar ta buɗe baki.

Taken mutane ya riƙa kaɗawa ɗaya bayan ɗaya. In ya gama sai ya faɗi mai shi: wannan na wane ne, ya tafi a korar 1969, wannan na wane ne, yana maƙabarta, wannan na Sarkin Fawan da ya saya mini rigar aure. Matan gidan haya suka fito suka tsaya jikin bango. Ana cikin haka sai ga wani tsohon mahauci daga lungun baya, jikansa na riƙe da hannunsa, domin idonsa ya tafi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wa ke kiran ubana?" Baba bai amsa ba, ya sake kaɗa taken. Tsohon ya laluba aljihu, ya fito da sidi biyar, ya sa jikan ya kai shi har gaban Baba, ya liƙa masa a goshi. Dukansu biyu suka yi ta dariya, hawaye na zuba.

Da kowa ya watse, ina naɗe tabarma, Baba ya ce, "Na ji an ce goro nake sayarwa."

Na rasa inda zan sa kaina.

Ya ce, "Goro ma sana'a ce. Sai dai ban iya ba." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ba kasuwa ce ta sa na rataye shi ba. Ana kirana har lokacin. Na ga abin da aka yi maka, ga ƙannenka mata uku a bayanka. Na ce gara ganga ta yi shiru su sami miji."

Shekara 18 ke nan. Ina can ina gyara wa wasu sauti, ina tura baƙi su biya kuɗin ƙofa su ji dondo, shi kuwa yana zaune da nasa a bayan ƙofa saboda ni. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Tashi ka kai yaron nan gida, dare ya yi."

Baba ya rasu cikin azumin 2021. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Abin da ya rage na kiɗansa minti 23 ne da ƙanena ya ɗauka a daren nan da 'yar na'urarsa. Take 14 ne a ciki. Ya ce mana ya san fiye da haka nesa ba kusa ba, sauran sun tafi da shi, domin babu wanda ya zauna ya koya. Na gwada bayan rasuwarsa, hannuna ya saba da dalma, ya ƙi gula.

Har yanzu ina ba baƙi jerin nan, kuma ban cire ko ɗaya ba. Wuraren suna da kyau, makaɗansu na cin guminsu ne, sun kuma cancanci a je a biya a saurare su. Sai dai yanzu nakan ƙara da cewa akwai wani daren a ƙetaren Ring Road wanda ba shi da tikiti, ba shi da allon sanarwa. Ba a shigarsa sai da ɗan gari. Ka tambayi mai masaukinka ko akwai biki ko suna a ƙarshen mako, ko ka daidaita zuwanka da Salla ko watan Mauludi, lokacin da zango ke kwana da bege da zikiri. In ka je, ka fara gai da manya. Ka canza kuɗinka zuwa ƙananan takardu saboda liƙi. Kada ka ɗauki hoton matan mutane sai ka tambaya. In makaɗi ya tsaya a gabanka ya tambayi sunan mahaifinka da garinku, ka faɗa masa gaskiya, domin da shi zai yi aiki.

Abokin nan nawa na Kumasi bai taɓa tayar da maganar ba. Ni na tayar, ranar da ya zo shago ya ga kalangun a rataye tsakanin sifiku. Can yake yanzu, sama da teburin aikina. Kusan kowane mako sai wani ya tambayi kuɗinsa. Nakan ce ba na sayarwa ba ne, na mahaifina ne, makaɗin mahauta ne daga Kano. In mutumin ba ya sauri, sai in jona wayata da duk amfilifayar da na gama gyarawa a ranar, in gwada ta da minti 23 ɗin nan.